Albashi ya tsaya, oga na tayin hannun jari: a zauna ko a tafi?

Ɗan'uwa, ka ce kamfanin manhajar da kake wa aiki a Legas ya riƙe muku albashin wata biyu, oga kuma yana lallashinku da hannun jari. Shawarata, ka fara neman wani aiki tun yau, kana kan kujerarka.

Ka tambayi oga gaba da gaba: kuɗin da ya rage a asusu zai kai mu wata nawa? In ya shiga kame-kame, wai masu zuba jari sun kusa sa hannu, to ka gane inda aka dosa. Lazerpay ma, wani kamfanin manhajar biyan kuɗi na Najeriya, a 2023 rufewa ya yi don bai samu sabon jari ba.

Ka kuma duba asusun fanshonka. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10. Sau da yawa nan ake fara daina zubawa a ɓoye.

Hannun jari kuwa, in babu takarda mai sa hannu, zance ne kawai, kuma mai gidan haya ba zai karɓa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a sa ku kwana kan kwamfuta da sunan ku 'yan gida ɗaya ne, alhali ko kuɗin mota ba ku da shi. Ka nemi bashin albashinka a rubuce, ka ajiye kwafi.