Tsohon ɗan wasa zai iya zama koci nagari?

Malam, ka ce kun yi musu a gidan kallo a Fagge kan ko akwai ɗan Najeriya da ya yi fice a wasa, ya kuma yi fice a horarwa. Akwai: marigayi Stephen Keshi.

Ɗan baya ne. Ya buga wa Anderlecht a Beljiyam da Strasbourg a Faransa, kuma shi ne kyaftin ɗin Super Eagles da suka ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 1994. Da ya koma horarwa, ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006, karon farko a tarihinta, amma aka sallame shi tun kafin a fara. Haka harkar take.

A ganina, a 2013 ya nuna shi koci ne, lokacin da ya jagoranci Super Eagles suka sake ɗaukar kofin Afirka. Ya bar wasu manyan sunaye a gida, ya ɗauki ’yan gasar cikin gida, jama’a na ta surutu. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddebuwa, shi ya kuma ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Mutum biyu kacal suka ɗauki kofin suna ’yan wasa, suka sake ɗauka suna koci: shi da Mahmud El-Gohary na Masar.

Kanawa kuwa ba za su manta 2014 ba. A ƙarƙashinsa Ahmed Musa, tsohon ɗan Pillars, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya a Birazil. Keshi ya rasu a Yunin 2016.