Zan iya fesa Sniper a lambun bayan gida saboda maciji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu a bayan gidanmu a Zariya, akwai alayyahu, tumatir, zogale, lemun tsami ɗaya da gwaiba. Tunda bazarar nan ta shigo ganye sai zubowa yake yana taruwa a gindin katanga, ga busasshiyar ciyawa, shekaranjiya kuma yarona ya ce ya ga maciji ya shige ƙarƙashin bulon da muka jibge. Wallahi tun ranar ban bar yara sun leƙa wajen ba. Mai shagon maganin gona ya ce in haɗa Sniper da maganin ciyawa in feshe wajen gaba ɗaya, har na saya. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah Ya tsare mana yaran. Hana su fita da kika yi daidai ne, amma kwalaben nan kar ki buɗe su, zan dawo kansu.

Maciji ba lambu ya zo gani ba, inuwa da sanyi da abinci yake nema. A zafin Maris zuwa Mayu duk inda ake ban ruwa nan kwaɗi da ɓeraye da ƙadangaru suke taruwa, shi kuma ya biyo su. To ki samu namiji babba, da safe gari ya waye tangaran, ya sa takalmin roba mai tsawo, ya riƙa janye bulon da doguwar sanda ɗaya bayan ɗaya, kar ya zura hannu inda idonsa bai gani ba. A raba bulo da itacen girki daga jikin katanga, a ɗora su a kan wani abu yadda za a riƙa hango ƙarƙashinsu. A toshe ramukan ɓera da siminti, a sa raga a bakin rariya. Ciyawa a nome ta da fartanya. Ganyen da ya zubo kar a banka masa wuta, ki baza kaɗan a gindin lemo da gwaiba, siriri ba tsibi ba, kuma kar ya taɓa jikin bishiyar, zai riƙe miki laima. Sauran a haƙa rami a zuba da kashin awaki a rufe da ƙasa, zai zama taki. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a ƙosar da ƙasar sosai ya fi yayyafi kullum. Sassabe mai yawa da takin zamani ki jira ruwa ya sauka, yanzu busassun rassa kawai za ki cire, in kika yi wa lemo aski a wannan ranar bawonsa ƙonewa zai yi.

Yanzu maganar mai shago, wadda ita ce ta fi tayar min da hankali fiye da macijin. Kusan kullum sai an zo min da ita, wai feshi yana korar maciji. Ba ya kora. Maciji yana can cikin rami ko ƙasan bulo, ke kuma kin jiƙa ganyen da za ki yi miya da shi gobe da guba. Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos, shi ne dai ake haɗa fiya-fiya da shi, kuma ba sai an sha yake illa ba, yana shiga ta fata, yana shiga ta numfashi. Yaro ya yi rarrafe a ƙasar da aka fesa ya sa hannu a baki, sai ki ga yawu na dalala, zufa, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi na sarƙewa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da ake asara, amma shiga kasuwa yau ki gani, a baro ake tallansa kusa da omo da ashana, an yi doka an sanar a rediyo shikenan babu mai bibiya.

Maganin ciyawar ma duba jikin robar, in kin ga an rubuta paraquat to wannan ba shi da makari, huhu yake lalatawa, kurɓa ɗaya tana iya kisa, Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Kuma abin takaicin ma a kan koren ganye yake aiki, busasshiyar ciyawar da kike magana ba abin da zai yi mata, alayyahunki da tumatir zai ƙone. Mutumin da bai san wannan ba shi ne yake ba da fatawar a haɗa guba biyu a cikin gida mai yara, ba tambayar ko akwai rijiya, ba tambayar ko akwai kaji, shi dai a sayi kaya.

Sai kuma masu cewa ai in an wanke ganye da ruwan gishiri shikenan. Kowane maganin ƙwari na gona akwai kwanakin da aka rubuta a jikinsa da za a jira kafin a tsinki amfani, wa yake jira a lambun gida inda ake tsinka kullum? Wanki yana rage na saman ganye, ba ya mayar da guba abinci. Haka masu ɗura wa yaro manja ko madara in ya sha guba, ko a zura masa yatsa ya yi amai, dan girman Allah a daina, aman yana iya komawa huhu ya ƙara masa wata masifar. A cire masa kayan jikinsa, a wanke shi da ruwa da sabulu, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti a guje, ke da kike Zariya ga asibitin koyarwa na Shika nan. In saran maciji ne ma haka, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, asibiti. Yaran nan amana ce a hannunmu kuma za a tambaye mu, bai kamata tsoron abu ɗaya ya sa mu shigo musu da wanda ya fi shi ba, kuma masu juye ragowar magani a robar lemo su ajiye a bayan ƙofa su ji tsoron Allah.

In ƙwari ne suka dame ki a bayan ganyen tumatir, ki daka 'ya'yan dalbejiya ki jiƙa su kwana, ki tace ki ɗan sa sabulu, ki fesa da yamma har ƙasan ganyen, ki maimaita bayan mako. Kwalaben da kika saya kuwa kar ki zubar a kwata ko masai, kar ki ba almajiri ya yar. Ki sa Maigida ya mayar wa mai shagon a rufe yadda suke, kafin nan a kulle su inda hannun yaro ba zai kai ba, nesa da kicin.