Ta yaya halin mutum ke shiga lissafin zazzaɓin cizon sauro?

Tambaya: Malam, na ji an ce masana lissafi suna hasashen yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro, har da halin mutane a ciki. Sauro dai na yarda a ƙirga shi. Amma wanda yau ya ɗaura gidan sauro, gobe ya ce zafi ya ishe shi, ina za a sa shi? Daga wani mai karatu a Haɗeja.

Amsa: Ai wannan mutumin naka shi ne ya fi ba mu wahala, malam.

Likitan nan na Ingila, Ronald Ross, wanda ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897, shi ya fara nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro kaf ba: in yawansa ya sauka ƙasa da wani mizani, cutar kan mutu da kanta. George Macdonald ya faɗaɗa aikin a shekarun 1950.

Ga inda mutum ke shigowa. Macen sauro sai ta yi cizo biyu kafin ta yaɗa cuta: ɗaya ta ɗauko, ɗaya ta zuba, tsakaninsu kwana 10 ko fiye. Don haka yawan cizo sau biyu yake shiga lissafin, ana ninka shi da kansa. A rage cizo da rabi, ƙarfin yaɗuwar ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In gidan sauron mai magani ne, saurayen da yawa ba za su ma kai kwana goman ba.

To sai mu raba mutanen gari gida biyu, masu kariya da marasa ita, mu bar ƙofa a tsakani. Yaron maƙwabci ya kwanta asibiti, tsoro ya tura mutane ɗakin farko. Zazzaɓi ya lafa, ko bazara ta matsa, su sulale su koma na biyu. Saurin wannan shige da fice shi muke sa wa lamba. Abin da lissafin kan nuna kuwa: nasara ce ke haifar da sakaci, sakacin ya dawo da cutar, a yi ta zagaye. Shi ya sa ba na ɗokin jin adadin gidajen sauron da aka raba. Wanda ke ƙunshe a leda ƙarƙashin gado, ko aka kewaye lambu da shi, bai hana cizo ko ɗaya ba.

Ba nesa da ku aka gwada wannan ilimi ba. A shekarun 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban bincike a ƙauyukan Garki, da ke Jigawa a yanzu. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani, cutar ta ja baya sosai, amma ba ta katse ba, da aka daina kuma ta dawo. Cikin dalilan har da saurayen da ke hutawa a waje, inda feshin bango bai kai ba.

Mutum ma haka yake. Ni in aka kawo mini sabon lissafi, tambayata ta farko ita ce ƙarfe nawa aka ɗauka mutane na shiga ɗaki. In an sa takwas na dare, alhali ana teburin mai shayi har sha ɗaya, ana kuma kwana a tsakar gida, sai in mayar wa mai shi ya gyara.