Land Cruiser mai mutuwa a gargada: kafin ka sayi ƙwaƙwalwa

Salamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka a kan Land Cruiser ɗinka ƙirar 80 ta 1994 mai shan fetur, wadda kake jigilar shinkafa da bandar kifi da ita tsakanin Haɗeja da Guri. Ka ce tana cikin tafiya lafiya lau sai ta ɗauke, musamman a gargada ko in rana ta take, wani lokaci fitilun dashbod su yi ƙyaf-ƙyaf kafin ta mutu, in ta huta kuma ta tashi kamar ba ita ba. An canja famfon mai, an canja fulogai, yanzu an ce ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka tukuna.

Na daɗe ina jan irin wannan motar a hanyoyin fadama, kuma irin wannan ciwon ba a gareji ake gano shi ba. Motar da ta tashi tana silo sumul a gaban bakanike ba ta da abin da za ta nuna masa, shi ya sa yake canka, kai kuma kana biya. Wurin bincike shi ne gefen hanya, a cikin 'yan mintocin nan da take ƙin tashi. To ran da ta sake yi maka, kada ka zauna a inuwa kana jira ta huce.

Abu na farko, ka lura da yadda take mutuwa. Motar da mai ya yanke mata ba ta mutuwa farat ɗaya. Za ta yi tari, ta fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa, ƙarfi ya yi ta raguwa har ta tsaya. Wadda wuta ta yanke mata kuwa ɗif take yi, kamar wani ya miƙo hannu ya kashe makulli. Tunda ka ambaci fitilun dashbod suna rawa, kuma gargada ce ke tayar da abin, zuciyata ta fi karkata ga wuta. Famfon mai ba shi da ikon sa fitilar dashbod ta yi ƙyaftawa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Da ta mutu, ka mayar da makulli baya, ka sake kunna shi ba tare da ka yi kik ba, ka dubi fitilar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke dashbod. Dole ta kama. Idan sauran fitilu sun kama ita ba ta kama ba, to ƙwaƙwalwar ba ta samun wuta, kuma wannan daban ne da a ce ta lalace. Hanyar wutar tata gajeriya ce: daga kan batir, zuwa siraran wayoyin kariya, zuwa fis mai rubutun EFI, zuwa rile ɗinsa (ɗan akwatin da ke buɗe wa wuta hanya) a akwatin fis na cikin bonet.

Waɗannan wayoyin kariyar su nake so ka fi zuba wa ido. Suna nan dab da kan batir mai jan alama, gajeru ne, an yi su ne don su ƙone a madadin sauran wayarin motar. Bayan shekara talatin na zafi da tururin ruwan batir, zaren cikinsu yana cinyewa amma robar waje tana nan kamar sabuwa. Na taɓa tsayawa a kan wata da ke mutuwa duk sanda ta faɗa rami. Mai wayarin ya kama ɗaya daga cikinsu da yatsu biyu ya ja a hankali, sai ga ta tana miƙewa, babu abin da ya riƙe ta sai roba. Da ya tsaga da reza, zare uku ko huɗu ne suka rage, sauran duk sun zama koren gari. A tsaye suna taɓa juna, mota ta tashi. A gargada su rabu, mota ta mutu. Gwajin ba ya cin ko sisi: ka bar ta tana silo, ka riƙa girgiza wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ka bi ta kan akwatin fis, ka ɗan ƙwanƙwasa rile da gindin sukundireba, ka girgiza makullin a mazauninsa. Inda ka taɓa inji ya sauya murya, nan ɓarawon yake. Idan su ne, a sa irinsu. Kada ka yarda a ɗaura maka wayar gida mai kauri a wurin, don ranar da wata waya ta gogi ƙarfe motar ce za ta kama da wuta.

Sai kan batir ɗin kansa. Duk wanda zai juya da hannu bai ɗauru ba, kuma ƙusa ko guntun gwangwani da ake cusawa ba gyara ba ne. A wanke farin garin da ruwan zafi, a goge da sanfefa har ya yi ƙyalli. Baƙar wayar at (earth) da ta tashi daga batir zuwa bodi da inji ita ma a kwance ta a kankare tsatsar mazauninta. Motar da ke ratsa ruwa duk damina a nan take fara ruɓewa. In kana son tabbatarwa kafin ka kwance komai, ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka haɗa baƙin kan batir da jikin inji, ka yi tafiyar yini da ita a haka a ɗaure da kyau. In ciwon ya ɓace ka san inda yake.

Ka nemi mitar auna wuta, ba ta da tsada. Batir mai lafiya a kashe yana nuna wajen 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.5. In bai kai 13 ba, altaneta ba ya caji ko fambel ya saki. Don Allah kada ka bari a gwada maka caji ta hanyar cire kan batir mota na kunne. Wannan dabarar zamanin kafireta ce. A motar injekta, wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona ƙwaƙwalwar da ba ta da laifin komai, daga nan sai ka saye ta da gaske.

To idan fitilar cek ta kama amma mota ta ƙi tashi fa? Sai a raba gardama tsakanin wuta da mai. Zare wayar fulogi ɗaya, sa tsohon fulogi a bakinta, ɗora shi a jikin inji, wani ya yi kik. Kada ka riƙe da hannu. In babu tartsatsi, kuma bayan ta huce ya dawo, to zargi ya koma kan kwayil, da igineta da ke kusa da shi mai ba shi umarnin tartsatsi, da na'urar da ke cikin distirbuta. Su ne masu sumewa in sun yi zafi, kuma zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Haɗeja, ga lodi ga yashi ga ƙaramin giya, ba ya raga musu. A buɗe murfin distirbutan a duba tsaga ko danshi, musamman in an saba wanke injin da ruwan famfo mai ƙarfi.

Motar ma tana iya faɗa maka da bakinta. A cikin bonet akwai ɗan ƙaramin akwati mai rubutun DIAGNOSIS. Ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntun waya, ka kunna makulli, ka ƙirga ƙyaftawar fitilar cek. Ƙyafta ɗaya, ɗan shiru, sannan biyu, 12 ke nan. Lamba 12 da 13 suna nuni ga saƙon juyawar inji daga distirbuta, 14 ga ɓangaren igineta, 22 ga na'urar auna zafin ruwa, 31 ga ma'aunin iska. Amma ka karanta kafin a cire batir, don cire shi yana goge abin da ta ajiye. A akwatin nan dai, in ka haɗa +B da FP, famfon mai zai tashi kai tsaye, ka kasa kunne wajen tanki za ka ji kukansa. In ta tashi da wannan haɗin alhali da ta ƙi, famfon lafiyarsa ƙalau, hanyar wutarsa ce ke yankewa. Gwaji ne kawai, kada a bar wayar a ciki a ci gaba da yawo.

Akwai kuma wani abu da ake yawan tsallakewa a ta 1994. Babban tiyon roba da ya taso daga ma'aunin iska zuwa inji yana tsagewa a cikin lanƙwasarsa, ta ƙasa inda ido ba ya kai. In inji ya karkata a rami ko a hawa, tsagar ta buɗe, iska ta bi ta nan, marfin da ke cikin ma'aunin ya koma, shi kuwa shi ke riƙe da wutar famfon mai. Ka cire tiyon gaba ɗaya ka lanƙwasa shi a rana. Sai dai in za a zare soket ɗin ma'aunin, siririn ƙarfen da ya maƙale shi ake ɗagawa. Wanda ya kwance sukurori biyun da ke jikin soket ɗin ya ja, ya tsinke cikinsa.

Ta ɓangaren mai ba zan tsawaita ba tunda famfo sabo ne. Amma mu da ke shan man jarka a hannun 'yan bumburutu, sai mu riƙa tsiyaya kaɗan a farar kwalba mu ajiye. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, kuma gargada ce ke tayar da shi ya shiga famfo. Ka tambaya ko an canja filta lokacin da aka canja famfon, don a wannan injin tana ɓoye a ƙarƙashin manifol, yara da yawa suna ganin wahalarta su bar ta. In ka buɗe murfin tanki bayan ta mutu ka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, a duba hanyar numfashin tankin. Kuma in kana kwanar da ita kusa da buhunan shinkafa, ka haska tocila bayan inji ka nemi aikin ɓera.

Ƙwaƙwalwa takan lalace, ban ce a'a ba, musamman in ruwa ya taɓa shiga cikin motar. In an bi duk waɗannan ba a samu komai ba, ka ari ta wani mai irin motarka, wadda lambar jikinta ta yi daidai da taka, ka yi tafiyar Guri da ita ka dawo kafin ka biya kuɗin wata. Ran da ta sake mutuwa, ka rubuto mana ko fitilar cek ta kama, da lambar da ta ƙyafta maka, sai mu ɗora daga nan. Allah ya tsare hanya.