Tambaya da Amsa: Ƙwai 16, Babu Sino Ko Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon macijin masara, wato corn snake, maciji marar dafi da ake kiwo a gida. Namijina fari ne mai jan ido, a matsayin sino na saye shi. Macen kuwa launinta na asali ne, amma wanda ya sayar mini ya ce tana ɗauke da amel da aneri a ɓoye. Na haɗa su, ƙwai 16 suka ƙyanƙyashe: 9 launin asali, 7 ja da ruwan goro masu jan ido. Babu sino, babu mai ruwan toka. An cuce ni ne? Kuma yaya zan sa musu kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da kiran mutumin nan tukuna, ka je ka ɗaga namijinka ka duba wuyansa.

Sino haɗin abu biyu ne: amel, wanda ba shi da baƙi ko ɗigo, da aneri, wanda ba shi da ja. Kowannensu sai ɗa ya gāda daga uwa da uba sannan ya bayyana a fata. Da lissafinka daidai ne, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun fito sino, wani kashin kuma ruwan toka, wato aneri. Bakwai ɗin nan masu jan ido sun wanke macen ta fuskar amel. Amma a ce tana da aneri, uban ma aneri, sannan 16 su fito babu ko ɗaya? Wannan sau ɗaya ne cikin 65,536. Ba tsautsayi ba ne.

To ko dai macen ba ta da shi, ko kuma namijin ba sino ba ne. Akwai wani fari da ake kira bilizad, amel ne da aka haɗa da cakol, mai launin gawayi. Cakol yana kama da aneri a ido, amma gadonsu daban, idan ka haɗa su launin asali za ka samu. Sino in ya girma za ka ga rawaya ta hau masa haɓa da gefen wuya, zanen bayansa kuma yana nan, ruwan hoda-hoda. Bilizad kuwa fari ne fat, sai ka kai shi haske kana ƙanƙance ido kafin ka ga inuwar zane. Ni ma ya taɓa ruɗa ni, shekara biyu ina zargin mutumin da bai ci mini komai ba.

Batun kuɗi, ban sa wa ɗan maciji farashi sai ya yi saɓar farko, kamar mako guda bayan ƙyanƙyasa, ya kuma ci abinci sau uku a jere. Launinsu yana canzawa sosai a shekarar farko.

Tara ɗin nan tabbas suna ɗauke da amel daga ubansu, don haka sun ɗara na asali zalla daraja. Duka 16 kuma suna ɗauke da ɗayan gadon nasa, sai dai ba ka san sunansa ba tukuna. Kada ka rubuta aneri a takardar kowa, kada kuma ka karɓi kuɗinsa. Ka samo macen aneri wadda launinta ya bayyana, ka haɗa ta da namijin a kaka mai zuwa. In duk 'ya'yan sun fito babu ja, sino ne, sai ka nemi mai macen ku yi magana.