Me ke kashe mini dashen turare daga ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a wajen Mirriya inda na dasa itacen turare 800 a watan Yuli, da niyyar sayar wa magina sanduna. Sun kama da kyau, amma tun da zafi ya shigo suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ganye sai ya yi yaushi, ya bushe a kan reshe bai zuba ba. Na ƙara ban ruwa, na yi feshi, ba canji. Wane magani zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye kuɗin maganin tukuna, ka ɗauki fartanya. Dashen da ganyensa ya bushe yana manne, galibi ciwonsa a saiwa yake, feshin ganye kuwa ba ya kai wa can. Ka tono guda uku: matacce, da wanda ya fara yaushi, da mai lafiya. Wanke saiwoyin ka jera su.

Fara da ɓare ɓawon gindin. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa garin gawayi, wata fumfunar ƙasa ce da masana ke kira Macrophomina. Ba baƙuwa ba ce a Damagaram, ita ce ke busar da wake da riɗi da gyaɗa a tsaye. Tana son ƙasa mai zafi da tsiron da ƙishirwa ta galabaitar, kuma ƙwayoyinta na yin shekaru a ƙasa suna jira. In filin nan tsohuwar gonar wake ce, ka tarar da ita ne a gida.

In kuma saiwar ta yi laushi, ɓawonta na saluɓewa a hannu, har da ɗan wari, ruɓewa ce irin ta Pythium ko Phytophthora, wasu ƙwayoyin cuta masu bin ruwan da ya kwanta. An fi ganinta a laka da fadama, kamar wajajen Korama. A nan ƙarin ruwan da ka yi shi ya ƙara hura wutar. Gara ita ma tana son turare ƙarami, amma aikinta ba ya ɓuya: ɓawon saiwa a gaigaye, ƙasa cike a ciki.

Sai dai abin da na fi zargi ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Duba siffar saiwar. Ta miƙe ƙasa, ko ta naɗe kamar gammo? Turare bai kamata ya wuce wata uku zuwa huɗu a leda ba. In ya daɗe, babbar saiwar takan iso gindin leda ta lanƙwashe, ta yi ta zagaye, kuma ko an dasa ba ta miƙewa. Da damina ba a gane komai, don laima na sama-sama. Rani na yi, laima ta nutse, saiwa ba ta bi ta ba, sai fumfuna da gara su ƙarasa abin da leda ta fara. Mu kuma a kasuwa dashe mafi tsawo muke zaɓa, wanda sau da yawa shi ne ya fi daɗewa a leda.

Wanda saiwarsa ta ruɓe ba ya dawowa. Tumɓuke shi da saiwa ka ƙone, kada ka sake dashe a ramin. Sauran ka ba su ruwa mai ratsa ƙasa jefi-jefi, a kewayen gindi, ba yayyafi kullum ba. Kada ka tara musu ƙasa ko ɗanyen taki a wuya. Ka kai saiwoyin wa ma'aikatan gandun daji ko INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, su tabbatar.

Kafin dashen baɗi, jiƙa ƙasar da za a cika leda da ita, ka rufe ta da farar leda mai shara-shara mako huɗu zuwa shida a zafin Afrilu da Mayu, don zafin ya kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta. Ranar dashe a yanke gindin leda kamar santimita ɗaya ko biyu, a cire ledar gaba ɗaya. In kuwa filin jigawa ne kuma ruwan rijiya na nesa, ka yi tunanin dakwara, don turare mashayin ruwa ne, ruwan samanmu kuwa bai cika wuce milimita 500 a shekara ba.