Gawon da ke gonar kakanka

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce tun da gonar gado ta dawo hannunka kake mamakin dalilin da ya sa marigayi kakanka ya hana a sa wa itatuwan gawon nan gatari, ko camfi ne irin na mutanen da, tunda ga shi suna tare wa tarakta hanya, masu itace kuma sun yi maka tayi. Wallahi ba camfi ba ne. Rumbu biyu Baba ya bar mana, na hatsi a cikin gida, na dabbobi kuma a tsaye cikin gona.

Kai da ka tashi a birni, ba ka ga bazara a garke ba. Daga watan Maris harawa ta ƙare, kara ya zama itace, ciyawar da ta rage a daji ta yi fari fat. Saniya za ta wuni tana ci, cikinta ya cika, amma kullum haƙarƙarinta sai ƙara fitowa yake. Wani likitan dabbobi ya taɓa warware mini wannan. Ya ce busasshiyar ciyawar rani furotin ɗinta kan faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, alhali tumbin dabba sai da kamar kashi 7 yake iya narkar da abinci yadda ya kamata. Ɗanyen ganyen itace kuwa yakan kai kashi 12 zuwa 20. Shi ya sa ɗan ganyen da za ka ba ta da yamma yake sa karan ma ya yi mata amfani, kamar tuwo da miya. Ɗanyen ganye kuma shi ke raba dabba da dundumi.

To a nan gawo ya fita daban. Da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi kakkaɓe nasa yake, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Je ka dubi zangarniyar da ke ƙarƙashinsa ka gwada da ta tsakiyar fili. Sai ruwa ya ɗauke yake yin kore, ya zo ya yi 'ya'ya daidai lokacin da yunwa ta kama garke. Ina yaro, da asuba ake tashinmu da buhu. In iska ta kaɗa cikin dare, za ka tarar da 'ya'yan nan jajaye, a murɗe, sun rufe gindinsa, awaki kuwa da sun ji ƙarar faɗuwar ɗaya sai su kwasa a guje. A farin 1984, 'yan tumakin da suka rage mana da 'ya'yan gawo da na kalgo muka riƙe su, ana dakawa a turmi a haɗa da 'yar dusa da kanwa.

Sarakuna ma sun san darajarsa. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19, sare gawo laifi ne mai hukunci mai tsanani, kuma har yau in ka bi ta Matamaye da Magarya za ka ga gonaki cike da shi.

Ba kowane ganye ake ba dabba yadda aka ga dama ba. Bagaruwa tana da bauri, baurin da majema ke jima da shi, in ta yi yawa sai ta hana abinci kama jiki, don haka kaɗan ake haɗawa. Akuya da raƙumi ba ruwansu da ƙaya, aduwa da magarya da dundu duk nasu ne. Shanu sun fi son ganyen kawo da maɗaci da madobiya, shi ya sa kake ganin Fulani a saman su da adda. Sabara kuwa ta riƙon rai ce, ba ta ƙiba ba.

Al'adarmu a nan, itacen na mai gona ne, amma abin da ya faɗo bayan an kwashe amfani na kowace dabba ne. Makiyayi in zai sari reshe sai ya nemi izini, ba ya taɓa kan itacen, ba ya kuma maimaita reshe ɗaya shekara biyu a jere. Yanzu da ake yi wa itace aski tas a bar shi kamar turke, raina ɓaci yake, don shekaru yake yi bai sake 'ya'ya ba.

Mai tarakta ya kewaye su, an sha yin haka. Kuɗin itacen ba zai saya maka harawar bazara biyu ba. In ka zo hutu, zan kai ka ka ga ƙananan da suka tsiro ta gabas wajen iyaka, na riga na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ka gaishe da mutan gidan.